Yaba Kyauta Tukuici: Waiwaye Kan Masu Aikin Sa Kai Don Lafiyar Jama'a a Paraku da Jugu



A tsayar da yaro ɗan shekara 15 a bakin kasuwar Arzeke, a tambaye shi mene ne kurkunu. Da wuya ya ba da amsa. A tambaye shi agana, sai ya yi tsammanin sunan wani gari ne. Amma in ya koma gida ya dubi fuskar wata kakarsa da kyau, mai yiwuwa ya ga zanzana, in kuma ya dubi ƙaurin wani kakansa ya ga tabon inda tsutsa ta fito. Cutar da ta addabi kakanni ta ɓace har jikoki ba su san sunanta ba. Wannan ni'ima ce babba daga Allah, sai dai ta zo ne ta hannun bayinsa, kuma yawancin bayin nan ba mu riƙe sunayensu ba. Wanda ya gina masallaci ana tunawa da shi domin ginin yana tsaye ana gani. Wanda ya hana cuta shigowa gari ba shi da ginin da za a nuna, domin aikinsa shi ne abin da bai faru ba. Saboda haka muka ga ya dace mu waiwaya, tun da waiwaye adon tafiya ne, mu bi sawun waɗanda suka yi wa lafiyar jama'ar wannan yanki hidima ba don an tilasta musu ba, mu kuma tambayi kanmu abin da suke bin mu.

ZANGO SHI NE ASIBITINMU NA FARKO

Goro ne ya kawo kakanninmu nan. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Borgu ta Nikki da Paraku, su yada zango a Jugu, daga nan su nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Suna tafiya da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su komo da goro. Baturen Ingila Hugh Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama cikin 1826, yana komowa daga Gwanja, mutanensa sun kai kimanin 1,000. Kafin Hausawa su yawaita a hanyar, Wangarawa da Dandawa sun riga sun kafa unguwannin 'yan kasuwa Musulmi, abin da ya sa har yau Dandanci ne harshen kasuwa a Jugu da Paraku, kuma gidaje da yawa masu asalin Hausa sun koma magana da shi.

Tafiyar wata da watanni ce, ga rana, ga ruwan tafki, ga zazzaɓi. To, in falke ya kwanta ciwo a hanya yaya ake yi? Madugu ba zai tsayar da ayari saboda mutum ɗaya ba. Sai a bar shi a hannun mai masauki, a danƙa masa kayansa amana. Matan gida su dama masa kunu, wanzami ya zo ya yi masa ƙaho, in karaya ce a kira maɗori, malam ya yi masa addu'a. In ya warke ya jira ayari na gaba. In kwana ya ƙare, mutanen zango su yi masa sutura, sarkin zango da liman su adana dukiyarsa har a sami mai kai wa magada. Ba takarda, ba hatimi, ba albashi, amma kowa ya san aikinsa. Abin da a yau ake kira ƙungiyar sa kai, mu mun gaje shi da sunan zumunci da gayya da adashi.

Neman magani kuma bai taɓa zama baƙon abu ga malamanmu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan ilimin magani, har da ciwon ido da basir. 'Yar uwarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis-jajis ke zagaya ƙauyuka suna karantar da mata, kuma an san su da kula da marasa lafiya da raunana. Haka nan a ƙasar Hausa an yi sarautar sarkin makafi da sarkin kutare, wato ko masu lalura suna da shugaba da ke magana da yawunsu a fada. Al'ummar da ta naɗa wa ungozoma da wanzami matsayi ba za ta ce girmama mai hidimar lafiya bidi'a ba ce.

ZAMANIN DA MAGANI YA ZO DA BULALA

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa babbar kasuwar goro, sannan a cikin shekarun nan na 1890 Faransawa suka mamaye Borgu da Jugu, suka haɗa su cikin mulkin Dahome. Hanyoyi suka sauya. Jirgin ƙasa daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, bayan an shimfiɗa dogo mai tsawon kilomita 438, garin ya zama mashigar kayan Nijar. Sababbin baƙi suka zo, mahauta da direbobi da 'yan koli da masu ɗinki, zango ya ƙara cika. Amma hanyar da ke kawo arziki ita ke kawo annoba. Murar 1918 ta shigo ta tashoshin jiragen ruwa ta bi hanyoyin fatake har cikin ƙasa, kuma Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934, ya tsara waƙa a kanta saboda irin ɓarnar da ta yi.

Turawan mulki sun kawo maganin zamani, wannan gaskiya ne, sai dai sun kawo shi tare da tilas. A shekarun 1930, da ciwon barci ya yi tsanani a arewacin Dahome da Togo, ayarin ma'aikatan lafiya kan sauka a gari, a tara jama'a bisa umarnin kwamanda, a jera su a rana ana lalubar wuyansu. Wanda bai fito ba a hukunta shi ko a hukunta mai garinsa. An rage cutar ƙwarai, amma wasu magungunan wancan lokaci suna taɓa ido, kuma ba a yi wa kowa bayani ba. Daga nan tsoron allura da zargin likita suka sami gindin zama a zukatan mutane, suka zama gado. Wannan darasi ne da ya kamata mu riƙe: hukuma tana iya kawo magani ƙofar gida, amma ba ta iya buɗe ƙofar. Mai buɗe ta sai wanda mutanen gida suka sani, suka kuma yarda da shi. Nan ne aikin ɗan sa kai yake.

Agana ma haka ta tafi. Gangamin lamba na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya fara a 1967, kuma zuwa 1970 an daina ganin cutar a yankin. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa ta ƙare a doron ƙasa. Dabarar da ta yi aiki ita ce a gano inda cutar ta ɓulla da wuri, a yi wa na kewaye lamba. Su wa ke kai labarin? Masu gari, limamai, malaman makaranta, 'yan kasuwa da ke yawo tsakanin ƙauyuka.

ASIBITOCIN DA BA GWAMNATI TA GINA BA

Da Dahome ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Agusta 1960, likitoci da manyan asibitoci sun fi yawa a kudu. Giɓin arewa ƙungiyoyi ne suka cike babban sashensa. Mishan ɗin SIM, wanda ya buɗe asibitin Galmi a ƙasar Nijar a 1950, shi ne ya kafa asibitin Bembereke a 1961. 'Yan ɗarikar Katolika ta Saint Jean de Dieu suka buɗe na Tangiyeta a 1970. A Jugu, ƙungiyar Ordre de Malte tana riƙe da asibitinta tun 1974, kuma shi ne asibitin da yankin Jugu da Kopargo da Wake ke dogaro da shi. Kusa da Paraku akwai asibitin Boko, a hanyar kudu akwai na Papane a ƙasar Cawuru, a Nikki akwai na Sunon Sero. Daga baya gwamnati ta shigar da waɗannan asibitoci cikin tsarinta, ta mai da su asibitocin yanki. Ƙungiyar Croix-Rouge ta ƙasa tana nan tun 1963 da matasanta masu agajin gaggawa. Gidauniyar Raoul Follereau, mutumin da ya ƙirƙiro ranar kutare ta duniya a 1954, ta daɗe tana tallafa wa yaƙi da kuturta a ƙasar nan, cutar da a yau ake warkewa daga gare ta sarai, kuma maganinta kyauta ne.

Mu faɗi gaskiya ko da ɗaci: yawancin waɗannan gidaje na mabiya addinin Kirista ne, mu kuwa Musulmi ne, kuma da wuya a sami gida a zangunanmu da ba a taɓa kwantar da wani nasa a ɗayansu ba. Mata nawa aka yi wa fiɗa aka ceto su da jariransu? Direbobi nawa aka ɗebo daga hanyar Paraku zuwa Jugu, mai tsawon kilomita kusan 135, aka ɗinke su? Yarda da wannan ba ya rage wa imanin kowa komai. Muna da abin koyi daga manyanmu. Shehin Kiyota, babban jagoran Tijjaniyya a jihar Dosso ta Nijar, ya shafe shekaru yana tura marasa lafiya zuwa Tangiyeta da wasiƙa a hannunsu, wurin likitan fiɗa ɗan Italiya da aka fi sani da Frère Florent, kuma bayan rasuwar Shehin a 2004 zumuncin ya ci gaba da halifansa. Malami bai bar akidarsa ba, likita bai bar tasa ba, marasa lafiya suka amfana. In babba irin wannan ya ga alheri ya kira shi alheri, mu ba mu da hujjar noƙewa.

Musulmi ma ba su naɗe hannu ba. Ƙungiyar da likitan Kuwaiti Abdurrahman As-Sumait ya kafa a 1981, wadda a ƙasashen Faransanci aka sani da Agence des Musulmans d'Afrique, daga baya Direct Aid, tana cikin masu haƙa rijiyoyi da kula da marayu da shirya aikin ido a Benin. Rijiya mai murfi kuwa magani ce tun kafin ciwo, domin amai da gudawa da zazzaɓin taifot ta ruwa suke shigowa. Sai dai mu lura, wannan ma daga waje ta zo. Tambayar da ke jiranmu ita ce mene ne namu na kanmu.

LOKACIN DA AKA MIƘA WA JAMA'A MAKULLI

A 1978, a taron Alma-Ata, ƙasashen duniya suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko sai da sa hannun jama'a. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka ɗauki shirin da aka laƙaba wa sunan Bamako, kuma Benin na cikin ƙasashen da suka fara aiki da shi da gaske. Tsarin shi ne a riƙa sayar da muhimman magunguna da rahusa a ƙananan asibitoci, kuɗin ya zauna a wurin, kwamitin mutanen gari ya sa ido a kan akwatin kuɗi da ɗakin magani. 'Yan kwamitin ba ma'aikata ba ne, manoma ne da 'yan kasuwa da matan gari. Shirin yana da aibinsa, domin talakan da ba shi da ko dala yakan rasa magani, amma ya hana ƙananan asibitoci rufewa a lokacin da aljihun gwamnati ya bushe, har ma'aikata suka yi watanni ba albashi a 1989.

Bayan taron ƙasa na Fabrairun 1990, aka sakar wa ƙungiyoyi mara, suka yi ta tsirowa. Sai kuma aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuɗin maganin da ake shigowa da shi ya tashi. A tsakiyar shekarun nan ne aka fara kafa asusun taimakon juna na lafiya a ƙauyukan Borgu, wanda ake kira mutuelle, da tallafin ƙasar Suwizalan. Gida yakan zuba kuɗinsa sau ɗaya a shekara, galibi bayan an sayar da auduga ko kaju, in ciwo mai tsanani ya zo ko haihuwa ta gardama asusu ya ɗauki nauyi. Duk wanda ya san adashi ya gane wannan ba tare da dogon bayani ba. Abin mamaki shi ne manoman ƙauye sun riga mu, mu da muke taƙama da iya lissafin kasuwa.

CUTUTTUKA HUƊU, DARASI ƊAYA

Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Ana kamuwa da shi ta shan ruwan tafki mai ɗauke da ƙananan halittu, bayan kusan shekara tsutsa ta ɓullo, galibi a ƙafa, ta kwantar da manomi a daidai lokacin noma. A 1986, da Cibiyar Carter ta shiga yaƙin, an ƙiyasta masu cutar a duniya sun kai miliyan 3.5. A Benin, binciken 1990 ya gano fiye da mutum 37,000. Makaman yaƙin su ne ƙyallen tace ruwa, da rijiyar burtsatse, da ɗan sa kai a kowane ƙauye mai riƙe da littafi, yana rubuta wanda ya kamu, yana wanke masa miki, yana roƙonsa kada ya tsoma ƙafa a tafki. A 2009 aka tabbatar wa Benin cewa ta rabu da kurkunu, Najeriya da Nijar suka bi baya a 2013. Shugabanni sun karɓi takardar shaida, amma waɗanda suka taka ƙasa da ƙafa ko da keke su ne mutanen ƙauyen nan.

Labarin shan inna ya fi shafar mu kai tsaye, kuma ba duka yake da daɗin ji ba. Ƙungiyar Rotary ta ɗaura aniyar kawar da cutar a 1985, gangamin duniya ya kankama a 1988, lokacin da take shanye yara kimanin 350,000 a shekara. A 2003 jita-jita ta bazu a arewacin Najeriya cewa maganin ɗigon yana hana haihuwa, aka dakatar da shi a Kano har zuwa Yulin 2004. Zargin bai faɗo daga sama ba, domin mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Amma sakamakon dakatarwar ya yi muni: cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har da Benin. Hanyar da kakanninmu suka bi da goro ita ƙwayar cutar ta bi, kuma kaset-kaset da maganganun da suka tsorata iyaye da harshenmu aka yi su. Wa ya gyara ɓarakar? Sarkin Kano Ado Bayero ya fito ya ɗiga wa yara maganin da hannunsa a bainar jama'a. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci kwamitin sarakunan arewa daga 2009. Matan ƙungiyar FOMWAN, wadda aka kafa a 1985, suka shiga gidajen kulle inda namiji ba ya shiga. Waɗanda cutar ta riga ta shanye suka hau kekunansu suna bin unguwanni, suna nuna wa iyaye ƙafafunsu, gani kuwa ya kori ji. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji. Da harshenmu aka ɓata, da harshenmu kuma aka gyara.

Sanƙarau ciwon rani ne, kuma arewacin Benin na cikin zirin da yake addaba. A annobar 1996 mutum fiye da 250,000 suka kamu a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu. Allurar MenAfriVac, wadda aka ƙera a Indiya musamman domin wannan yanki, an fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disambar 2010, ta iso arewacin Benin a Nuwambar 2012, aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. A Banikwara ne aka fara gwada ɗaukar ta ba tare da ƙanƙara ba, har kwana 4 a zafin da bai wuce digiri 40 ba, abin da ya zama abin koyi ga duniya. Masu shela da masu tara jama'a da masu rubuta suna a wancan gangami yawancinsu 'yan sa kai ne.

Amosanin ido, wanda ke juya gashin ido ciki yana kankare ƙwayar har mutum ya makance, a jihohin arewa huɗu ya fi yawa: Borgu, Alibori, Atakora da Donga. Da taimakon ƙungiyoyi irin su Sightsavers aka bi gida-gida ana neman masu lalurar, ana yi musu ƙaramin aiki, ana raba magani, ana koyar da wanke fuskar yara. A Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa cutar ta daina zama barazana ga jama'ar Benin. Haka makantar bakin kogi: tun da aka fara ba da maganin Mectizan kyauta a 1987, mutanen ƙauye ne ke zaɓar mai raba musu, ya zo da sandar awo ya auna tsayin mutum ya ba shi adadin ƙwayar da ta dace.

Aikin kuma ba wasa ba ne. Lokacin da zazzaɓin Lassa ya ɓulla a Tangiyeta a 2014, ma'aikatan asibiti na cikin waɗanda suka rasu, kuma a 2016 ya sake ɓullowa a ƙasar Cawuru, ƙofar Paraku. Mai wankan gawa, da mai jinya, da ɗan agajin da ke ɗaukar maras lafiya, su ke fara cin karo da annoba kafin a san sunanta.

NA CIKIN GIDA DA BA A KIRAN SUNANSU

Mu komo zango. Kowace unguwa tana da dattijuwar da ake buga wa ƙofa da tsakar dare in naƙuda ta tashi, ta ɗauki mayafi ta raka yarinya asibiti, ta kwana a kan tabarma. Akwai saurayin da ya yi boko, wanda ake kira ya yi tafinta tsakanin likita mai Faransanci da tsoho mai Hausa. Akwai ɗan zem da ke ɗaukar maras lafiya ya ƙi karɓar kuɗi. Akwai mahauta da ke zagayawa da kwano in ɗayansu ya kwanta. Akwai 'yan agajin masallaci, da masu haƙar kabari, da matasan da ke yashe magudanar ruwa kafin damina. Akwai mai ba da jini ga yaron da zazzaɓin cizon sauro ya tsotse, bai san uwarsa ba, bai san ubansa ba. A wurin walima ana kiran sunan mai kuɗi da lasifika, waɗannan kuwa ko wurin zama ba a keɓe musu.

Wani zai ce aikin Allah ba ya son tallatawa, yabo yana jawo riya. Wannan magana ce mai nauyi, amma ta shafi mai aikin ne, shi ne aka hora ya tsarkake niyyarsa. Mu da aka yi wa alherin, malamai sun karantar da mu cewa gode wa mutane yana daga cikin gode wa Allah. Shi ya ɓoye, mu mu bayyana, kowa ya sauke nasa. Wani kuma zai ce ai ana ba su kuɗin zama da riguna da hula. Gaskiya ne ana ba wasu ɗan abin sawa a baki ranar gangami, amma a auna shi da yinin da mutum ya rufe shagonsa, da zagin da ya sha a ƙofar gidan da aka kore shi. Na uku zai ce ƙungiyoyin nan wasunsu cin kuɗi suke yi. Wannan ma akwai, kuma shi ya sa yabon da muke nufi ba na maroƙi ba ne. Yabo na gaskiya yana da ma'auni: shin aikin yana nan bayan an kashe na'urar ɗaukar hoto? Shin ana karanta wa jama'a lissafin kuɗi? Shin ana taimakon Bahaushe da Badande da Bariba da Bafulatani da Bayom ba tare da tambayar asali ko ɗarika ba? Shin ana tura maras lafiya asibiti da wuri, ko ana riƙe shi har lokaci ya ƙure? Wanda ya cika waɗannan a yaba masa, wanda ya gaza a yi masa nasiha. In aka yabi kowa, ba a yabi kowa ba.

Akwai kuma dalilin da ya shafi zamanmu na 'yan tsiraru. A ƙidayar 2013, Paraku da Jugu kowanne yana da mutane fiye da 250,000, mu kuwa kaɗan ne a cikinsu, kuma har yau akwai masu yi mana kallon baƙi ko da kakan kakanmu a nan aka binne shi. Takardar haihuwa tana tabbatar da ɗan ƙasa a ofis, amma a zuciyar maƙwabci hidima ce ke tabbatar da shi. Ranar da aka san zango da masu ba da jini kamar yadda aka san shi da nama da goro, maganar baƙunci ta mutu da kanta.

ABIN DA ZA MU IYA FARAWA DA SHI

Na farko, mu rubuta. Kowane zango ya samu littafi a hannun sarki ko liman, da boko ko da ajami, a zauna da tsofaffi tun suna raye a rubuta sunayen ungozomomi da wanzamai da masu raba magani da masu rakiyar asibiti, na da da na yanzu. Na biyu, a keɓe rana guda a shekara, ko bayan sallar layya ko lokacin Gani, a kira su gaban jama'a, a yi musu addu'a, a ba su tukuici gwargwadon hali, a gayyato ma'aikatan asibitocin da ke karɓar mu, Musulminsu da Kiristansu. Na uku, matasa su haɗa jerin masu ba da jini tare da rukunin jinin kowa, su riƙa zuwa a ƙungiyance, musamman da damina da kuma ranar 14 ga Yuni. Na huɗu, adashin mata da na 'yan kasuwa su ware wani kaso na jinya, a rubuta ƙa'idarsa, a yi wa ƙungiyar rajista a hukumance domin ta sami bakin magana. Na biyar, mu tura 'ya'yanmu, musamman mata, karatun jinya da ungozomanci da likitanci. Jami'ar Paraku tana nan tun 2001 da sashen koyon aikin likita, a ƙofar gidanmu. In ana zaɓen 'yan kwamitin asibiti ko masu wayar da kai na unguwa, kada a neme mu a rasa.

Yaƙin bai ƙare ba. Zazzaɓin cizon sauro yana nan yana ɗaukar yara, ko da yake an shigar da allurar rigakafinsa cikin alluran yara a Benin tun 25 ga Afrilun 2024, kuma ita ma sai an sami masu lallashin iyaye su kai yara har su cika zuwa. Hawan jini da ciwon suga suna cin dattawanmu a ɓoye. Jita-jitar da a da take tafiya a kaset yanzu a WhatsApp take gudu. Za a ci gaba da buƙatar mutumin da za a buɗe wa ƙofa, kuma yaranmu suna kallon yadda muke yi da na yanzu kafin su yanke shawarar ko za su gaje su.

Kakanninmu sun bar ɗan uwansu maras lafiya a hannun mai masauki suka wuce Gwanja da kwanciyar hankali, domin sun san zango ba ya yar da mutum. Wannan amana tana wuyanmu. Allah ya jiƙan waɗanda suka yi mana hidima suka riga mu gidan gaskiya, ya saka wa na raye da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu Benin lafiya. Amin.